Murhun Inna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincinsa su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban jami'a da mataimakansa, shugaban tsangayar kimiyya, shugaban sashenmu, manyan malaman da suka taso daga nesa, malam liman da ya buɗe mana taron nan da addu'a, abokan aiki, ma'aikata da ɗalibai. Sai masu rashin na ainihi: Inna, mahaifiyar marigayiya, da maigidanta, da babban ɗanta, da Auta, da kawunnan yaran nan, yayyenta maza da ke zaune a bayan Inna. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Takardar da aka miƙo mini ta sa Inna can ƙasa, bayan masu muƙami, kuma haka na karanta don kada a ce tsufa ya cinye mini ladabi. Amma ranka ya daɗe shugaba, a yi mini afuwa. Yau ku shaidu ne kawai. Maganar da zan yi, da Inna nake yin ta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne wanda marigayiya ta laƙaba wa Mai Jemage, sunan ya bi ni har matata ta ɗauka. Likitan dabbobi ne ni tun asali, daga baya na koma bin jemagu. Ofishina na manne da nata, bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon kuma na katako ne. Abin da ta faɗa a ofishinta cikin shekarun nan, ko ina so ko ba na so, na ji shi.

Ranar da na je gaisuwa, bayan mutane sun ragu, Inna ta sa aka kira ni. Tana zaune a bakin gadon marigayiya, takalman aikinta na nan a ƙarƙashi ba wanda ya taɓa su. Ta ce da ni, “Mai Jemage, kai abokin aikinta ne, kai ba za ka yi mini ƙarya ba. Gaskiya ne murhuna ya mutu?”

Wallahi na tsaya a gaban manyan masana sun yi mini tambayoyi, ban taɓa haɗuwa da tambaya mai nauyin wannan ba. Na fara kewaye-kewaye ta katse ni, sai na ce, “Inna, ki ba ni lokaci.” Ta ce, “Ni kuwa lokacin ne ba ni da shi.” To, Inna, yau na zo da amsarki. Sai dai ki yi haƙuri in bi da mutanen nan ta hanya, don na ga wasu sun ɗauka kicin muke magana.

Jikin mutum da na dabba an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin ƙwayoyin nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke karɓar abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, su mayar da su ƙarfi da ɗumi. Sunansu a littafi mitokondiriya. Shekarar da marigayiya ta fara koyarwa ta ga ɗalibai suna tauna sunan nan kamar sun ci tsakuwa, sai ta ce, “Ku daina wahalar da harshenku, murhu ne. Nan jiki yake girki.” Tun daga ranar ba wanda ya sake kiransa da wani suna a sashenmu. Mun sha jin ɗalibi ya je taron masana a wata ƙasa, yana cikin zuba Turanci sai ka ji “murhu” ya suɓuce masa.

Shi murhun nan yana da nasa rubutun gado, daban da na sauran jiki. Gajere ne, a naɗe yake kamar zobe, a jikin mutum haruffa dubu goma sha shida ne da 'yan kai. Kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Uba ya ba da hanci, ya ba da tsayi, ya ba da taurin kai, amma murhu na uwa ne, ita ma daga uwarta, ita ma daga uwarta. Namiji yana karɓa, ya yi girki da shi iya rayuwarsa, amma ba ya miƙa wa kowa. Marigayiya ta kan dube mu ta ce, “Ku maza aro aka ba ku, ku riƙa kula da kayan mutane.” Wata rana na karanta cewa akwai wasu halittun ruwa masu ɓawo biyu da uban ma yake miƙa nasa. Da gudu na zagaya ofishinta, ina haki. Ta karanta, ta miƙo mini takardata ta ce, “Barka, Mai Jemage, ka samo danginka. Sai ka koma ruwa.”

Yanzu ku ƙirga tare da ni. Inna ta haifi maza, ta haifi mace ɗaya tal. Macen nan ta haifi maza biyu. Ranar da aka haifi Auta, marigayiya ta dubi Inna tana dariya ta ce, “To, Inna, murhunki a kaina zai tsaya.” Wasa ne a lokacin, har Inna ta ce Allah ya shirye ta. Ba wanda ya zaci uwar ce za ta zauna ta tuna da maganar.

Marigayiya ta kasance 'yar tela. Mahaifinta direba ne, ya rasu tana ƙarama, keken ɗinkin Inna ne ya yi mata makaranta. A shagon nan ne aka fara abin da ya zama aikin rayuwarta, domin a bayan kalandar da ke bango akwai tsaka. Kowa ya san yadda muke yi da tsaka: a rarumo silifa. Ita kuwa sai ta riga kowa, ta kama ta, ta ɓoye a gwangwanin zare. Inna, ke kika ba ni labarin ranar da mai kawo ɗinki ta buɗe gwangwanin nan tana neman maɓalli. Kika ce ba ta sake dawowa ba, ko yadinta ba ta aiko an karɓa ba.

Ta kasance malamar sakandare kafin ta zama ta jami'a. Ta koyar da ilimin halittu a makarantar da ba ta da ko kwalbar gwaji guda, da alli take zana komai. Ta dawo karatu da goyon babban ɗanta a baya. Kai, babban ɗa, ba za ka tuna ba, amma ka yi barci a ƙarƙashin teburin laburare fiye da wasu ɗalibanmu, kuma su ma ba baya ba ne a wannan fannin.

Ta kasance mai tambaya ɗaya, ta bi ta har ƙarshen numfashinta: daga ina dabbobin nan suka fito, yaya suka rarrabu, wace uwa ce ta haɗa su? Tunda murhu ta wajen uwa yake bi, ba ya cakuɗa da na uba, sai ya zama kamar zare ɗaya da za ka riƙe ka yi ta komawa baya. Lokaci zuwa lokaci harafi ɗaya kan sauya. Idan ka jera rubutun tsaka biyu ka ga inda suka saɓa, za ka iya kimanta ko rabuwarsu ta kusa ce ko ta daɗe. Aikinta ke nan. Ba ta kashe tsaka, ɗan ƙarshen wutsiya take tsinka ta sake ta, wutsiyar kuma ta sake tsirowa. Ta shiga bayan shaguna, ta shiga sito, ta leƙa bayan firij ɗin mutanen da ba ta sani ba. Suka sa mata Uwar Tsaka don su ji haushinta, ita kuwa ta sa aka rubuta mata shi a jikin kofin shayinta.

An sha tare ta a wajen biki a ce, “Ke ce mai cewa daga biri muke?” Sai ta ce, “Ni tsaka nake bi, ban kai ga biri ba tukuna. In na kai zan aiko maka.” Ba ta taɓa ɗaga murya a kan wannan ba. Sallarta ba ta wuce ta, kuma ta kan ce duk harafin da ta karanta, tsoron Mahalicci yake ƙara mata.

Ta kasance mai tara mutane. Ku dubi layin nan na uku. Ga Mai Lissafi, wanda digirinsa na lissafi ne, bai taɓa riƙe dabba mai rai ba sai da ta ɗora masa tsaka a tafin hannu, ya yi ihun da aka ji a ofishin shugaban tsangaya. Yau shi ke jera mana haruffa a kwamfuta, yana fitar da bishiyar dangantaka. Ga Mai Kaska, ɗan makiyaya, wanda ya zo da haushin abin da ke shan jinin shanun mahaifinsa, yanzu yana bin asalin kaska ƙasa-ƙasa. Ga Mai Kifi, wadda ta bar aikin asibiti ta koma bakin rafi. Ga ni da jemaguna. Ba abin da ya haɗa mu sai murhu, sai ita. Ita ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Dabbarka tana da uwa? To, zo.”

Ba zan tsaya nan in ce ba ta da aibi ba, don in na faɗa ɗalibanta za su san ƙarya nake. Tana da faɗa. Kuma tana da surutu, Allah ya jiƙanta, surutun da ba ya jiran amsa. Surutun nan ne ya jawo mana abin kunyar da ya fi kowanne a tarihin sashenmu, kuma dole in ba ku labarinsa, don amsar Inna tana cikinsa.

Wata safiya sakamako ya fito daga wata 'yar kwalba da aka sa wutsiyar tsaka. Rubutun bai yi kama da na kowace tsaka da muka sani ba. Ta buga mini bangon katako da tafin hannu: “Mai Jemage, fito, mun samo sabuwar halitta!” Ta aika aka sayo lemo, aka jera a kan tebur. Har ta fara tunanin sunan da za ta sa mata. Muna cikin haka Mai Lissafi ya shigo a sanyaye, yana sosa ƙeya, ya ce, “Malama, na duba rumbun bayanai. Wannan tsakar taku ɗan'adam ce.”

Kun san na'urar da ke karanta rubutun nan ba ta da wayo, duk abin da ya faɗa kwalba shi take karantawa, ko da ɗigon yawu ne da ido ba ya gani. Wani cikinmu ne ya gurɓata kwalbar. Ta ce ba mai fita. Ta sa kowa ya goga auduga a cikin kumatunsa aka karanta, tana ta hararata, wai ni ne mai atishawa kamar ƙofa ta faɗi. Da sakamako ya dawo, ba ni ba ne, ba Mai Kifi ba ce, ba ɗalibi ba ne. Ita ce. Tana tsaye a kan buɗaɗɗiyar kwalba tana yi wa wani faɗa a kan tsafta, nata murhun ya faɗa ciki. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta share hawaye da gefen mayafinta ta ce, “Ashe sabuwar halittar 'yar tela ce.”

Daga ranar ta kafa dokoki biyu. Ta farko, rubutun murhun kowannenmu yana ajiye a kwamfuta, duk sakamakon da ya fito sai an gwada shi da namu tukuna, a tabbatar ba mu ba ne. Nata Mai Lissafi ya sa masa suna Mai Surutu, ta gani, ta ƙyale. Ta biyu, takunkumi a baki, shiru a kan tebur, kuma duk kwalbar da ta gurɓata a zubar da ita, ko ta wace ce, ba roƙo, ba ban baki. Babbar ɗalibarta, ga ta can, ta taɓa rasa aikin zango guda a kan dokar nan. Ta durƙusa tana kuka, Malama ta ce, “Zubar.” Ta zubar. Washegari kuma Malama ta ɗauki jakarta, ta bi ta suka sake zagaye sito-sito har suka mayar da abin da aka rasa. Haka take: ba ta sassauta doka, amma ba ta barinka kai kaɗai da ita.

Ta kasance mai hidima ga jama'a, ko da jama'ar ba su nema ba. Ta zagaya makarantun 'yan mata da akwatin kayan gwajinta, tana nuna musu cewa farar rigar ɗakin bincike ba ta san namiji ko mace ba. Ta zauna a kwamitocin da ba wanda yake so. Kuma ta yi yaƙi guda ɗaya da ta sha kaye, wanda ban ga ta warke daga shi ba.

Bincikenta ya nuna cewa tsakar da ke gidajenmu da kasuwanninmu 'yar tafiya ce, a cikin kaya take bin manyan motoci, murhunta iri ɗaya da na garuruwa masu nisa. Amma a wani dutse da ke bayan gari ta samu wata daban, 'yar ƙarama mai ɗige-ɗige, wadda murhunta bai yi kama da na kowa ba. Tsohon zare ne, ba ta same shi a ko'ina ba sai a dutsen nan. Sai aka ba wani kamfani dutsen ya fasa ya yi tsakuwa. Ta rubuta, ta je da ƙafarta, ta zauna a benci a ƙofar ofisoshi. Wani ya dube ta ya ce, “Hajiya, a kan tsaka kike so a tsayar da aiki?” Aka yi dariya, aka ba ta ruwa, aka rako ta. Na raka ta wajen bayan an gama fasa dutsen. Rami ne, da ruwa kore a ƙasansa. Ta ɗaga duwatsu har hannunta ya fashe, ba ta ga ko ɗaya ba. Muka juyo a mota, da muka iso ƙofar sashe ta ce, “Mai Jemage, yau na ga murhu ya mutu da idona.” Abin da ya rage na wannan tsakar a duniya, iya saninmu, 'yan guntayen wutsiya ne a firizar ɗakin bincikenmu. Wataƙila titin da kuka biyo kuka zo nan da gidanta aka shimfiɗa shi.

Sai ciwo ya zo. Ta ɓoye mana iya ɓoyewarta. Ni ta bango na gane, domin surutu ya ragu, tari ya ƙaru. Matakalar da take hawa tana faɗa, ta koma hawa tana tsayawa. Maigida, kai ka san sauran, kai ka yi ta jigilar asibiti, kai ka riƙa ajiye ta a ƙofar sashe kana roƙonta ta koma gida, tana ce maka, “Yanzu zan fito.” Ba ka taɓa tafiya ba, a mota kake jira. Mun gan ka ta taga. Allah ya saka maka.

Zuwanta na ƙarshe ta ce sai ta haɗa kwalaben tsakar dutse da hannunta, don akwai sashen rubutun da bai kammala ba. Ta sa safar hannu, ta sa takunkumi, ta zauna. Ɗaliban da ke wurin sun ce tana tsakiyar aiki numfashi ya gagare ta. Ta ja takunkumin ƙasa, ta shaƙi iska, ta mayar. Duk sun gani. Ba wanda ya iya cewa, “Malama, doka.” Ta rufe kwalaben, ta jera su, ta ce in ta dawo a karanta tare. Ba ta dawo ba.

Bayan rasuwarta ɗakin ya zauna a rufe, har muka ga barin aikin ma cin amana ne. Aka karanta kwalaben. Duk sun fito tsaf, tsakar dutse ce, aikin ya kammala. Sai guda ɗaya. Mai Lissafi ya gwada ta da namu kamar yadda aka saba, sai kwamfuta ta fito da suna: Mai Surutu.

Wannan mutumin da kuke gani, wanda ba ya kuka ko a gidan mutuwa, kansa ya kifa a kan tebur. Ni da na shigo na ɗauka wani ne kuma ya rasu.

Aka rabu biyu. Wasu suka ce a ajiye. Babbar ɗalibarta ta ce a'a. Ta ce, “Ni ta sa na zubar da nawa ina kuka. Da tana nan, da kanta za ta zubar. In muka ajiye, mun nuna ba mu ji abin da ta koya mana ba.” Kuma gaskiya ta faɗa, ba wanda ya iya musa mata. Ta sa safar hannu, ta ɗauki kwalbar, ta je bakin kwandon shara, ta taka ya buɗe. Muna tsaye muna kallo. Hannun ya ƙi buɗewa. Ta juyo ta ce da ni, “Baba, ka karɓa, ni na kasa.” Na karɓa. Ni ma ban fi ta ƙarfi ba.

Ga abin da muka yi, kuma ina faɗa a gaban shugabanni don kada a ji daga baya. Sakamakon kwalbar nan mun soke shi, ba zai shiga bincike ba, nan mun bi dokarta. Kwalbar kuwa ba mu zubar ba. Tana firiza, a jere da na tsakar dutse. Wannan ne karo na farko da muka saɓa mata, kuma mun yi ne a lokacin da ba za ta iya buga bango ba.

Ranka ya daɗe shugaba, tunda ga ka ga ni, ba zan bari damar ta wuce ba. Firizar nan da wuta take rayuwa, wutar kuma ka san halinta. Ba mu roƙi a sa wa gini sunanta ba, da tana nan ma ba'a za ta yi mana. Layi ɗaya muke roƙo daga janareta zuwa ɗakin nan. In firizar ta narke, tsakar dutse ta mutu karo na biyu, kuma wannan karon ba kamfani za a ɗora wa ba.

Yanzu, Inna.

Na so in zo miki da magana mai daɗi. Na so in ce ɗalibanta mata su ne 'ya'yanta, kuma haka ne, amma ba shi kika tambaya ba. Na so in ce can da nisa, ta wajen kakannin kakanninki, akwai matan da ba ki sani ba masu ɗauke da irin naki, wannan ma mai yiwuwa ne ƙwarai. Na fara faɗa miki haka ranar, kika katse ni kika ce, “Ni ban tambaye ka na wasu ba.” To, ba zan kewaya ba. Kin ce ba zan yi miki ƙarya ba, ita ma da tana nan ba za ta bari ba.

Ta hanyar haihuwa, Inna, ya tsaya. Wadda za ta miƙa shi gaba ita ce muka rasa. 'Ya'yan jikokin nan naki, murhun iyayensu mata za su ɗauka. Wannan ita ce gaskiya, kuma wallahi ta yi mini nauyi a baki.

Amma tsayawa daban, mutuwa daban, kuma tambayarki a kan mutuwa ce. Haruffan nan da kwamfuta ta kira Mai Surutu, ba ita ta rubuta su ba. Naki ne. Daga jikinki ta ɗauke su kamar yadda kika ɗauka daga mahaifiyarki. Duk shekarun nan, kowane sakamako da ya fito daga ɗakinmu sai an jera shi da ke kafin a yarda da shi, ba mu ma lura ba. Tela ce ke duba mana aiki. Shi ya sa na ce a sauya rubutun da ke jikin kwalbar. Yanzu abin da ke jiki shi ne: Inna. Ba zan ruɗe ki ba, abin da ke cikin kwalbar nan ba rai ba ne. Ba zai haihu ba, ba zai yi miki sallama ba, ba zai buga mini bango ba. Sawu ne kawai, irin wanda mutum kan bari a siminti kafin ya bushe. Mu dai shi ya rage mana, kuma mun kasa rabuwa da shi.

Ku kuwa, babban ɗa da Auta, ku saurare ni. Aro aka ba ku, ku kula da kayan mutane. Kakarku ta binne wadda ya kamata ta binne ta. Kada ku bar ta ta zauna ita kaɗai a bakin gadon nan tana kallon takalma. Maigida, gidanka ya yi shiru, mun sani, don namu ma ya yi. In shirun ya ishe ka, ka zo ka ajiye mota inda ka saba, ka hawo sama a sha shayi. Kofinta na nan, ba wanda ya isa ya taɓa shi sai kai.

Muna godiya ga hukumar jami'a da ta shirya taron nan, da baƙin da suka bar ayyukansu, da ɗaliban da suka jera kujeru suka share zaure. Muna godiya ga iyalinta da suka ara mana ita tsawon shekarun nan, sau da yawa a lokacin da su ne suka fi buƙatarta. In mun riƙe ta fiye da ƙima, ku yafe mana.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwancinta, ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ta bari ya riƙa isar mata da lada. Ta tausaya wa halittar da kowa ke ɗaga wa takalmi, ya Allah ka tausaya mata. Ka ba maigidanta da 'ya'yanta da 'yan'uwanta haƙuri. Ka dafa wa Inna, ka sanyaya mata zuciya, ka haɗa ta da 'yarta a gidan da ba a rabuwa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Auta, in an tashi kada ka bari kowa ya riga ka, kai za ka kama hannun kakarka ku sauka matakala. Inna, ki riƙe hannun nan da kyau. Ɗumin da za ki ji a tafinsa, daga murhunki yake fitowa. Bai mutu ba tukuna.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.